Motar lantarki a cikin garin Kano: wa za ta yi wa, wa ba za ta yi wa ba?

Alhaji Nura Dila: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, masu neman mota ke ta tambayar motar lantarki. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su baje mana ita a faifai. A ce mutum yana zaune a Rijiyar Zaki ko Hotoro, kasuwarsa Kwari ko Singa, ga kai yara makaranta da ɗauko su, kilomita 40 a wuni. Motar nan za ta yi masa, ko zubar da kuɗi ne?

Injiniya Maryam: Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙaramar motar lantarki, a cikin gari da esi a kunne, tana cin yunit 15 zuwa 17 a kilomita 100. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kuke lodawa a mita. Amma ba duk abin da ya fita daga mita ke shiga batir ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana tafiya a zafin caja da waya. Don haka a rubuta 18. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin Band A naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Mu ɗauka 210. Kilomita 100 ya tashi a naira 3,800 ko kusa da haka. Corolla a cunkoson Kano da esi ba ta rasa shan lita 10 a wannan nisan. In lita tana naira 900, dubu tara ke nan. Kowa ya sa farashin ranar ya buga da kansa. Mai kilomita 40 kuwa yunit 7 ne abincin motarsa a wuni.

Malam Habu Direba: Injiniya, lissafinki ya fita a takarda. Wutar fa? Band A an ce awa 20 a rana, amma unguwa nawa ce a kai? Wanda ke Band D awa 8 aka yi masa alkawari, shi ma sai ta ga dama. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Mai Corolla ya sayi galan a bakin titi ya wuce. Mai lantarki fa?

Injiniya Maryam: Gaskiyarka Malam Habu, wannan shi ne ƙashin bayan maganar. Sai dai a lura da abu guda: yunit 7 a soket na gida awa uku ne da 'yan mintuna. Kuma motar da batirinta ya kai yunit 50 tana ɗauke da tafiyar kusan mako guda ta irin wannan mutumin, ba kullum sai ta sha ba. Ɗaukewar wuta ta kwana biyu ba komai ba ce gare ta. Ta kwana goma ce matsala.

Hajiya Rabi: To in an ɗauke ai sai a tayar da inji, ko?

Sadik Sola: Hajiya, nan ne ribar ke gudu. Ƙaramin janareton fetur yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace lita. Yunit 18 zai sha lita 9 zuwa 12. Kin ga an dawo kan man Corolla, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida. Babban injin dizal na kamfani ya fi, yana kai yunit 3 a lita. Sannan ƙaramin injin nan na kunna fanka da talabijin ba zai ma iya ba, domin cajar mota ba ta sauka ƙasa da amfiya 6, wato kusan kilowat 1.4. Wani abin kuma, yawancin ƙananan injuna ba a haɗa nutural ɗinsu da at ba, wato wayar tsaro da ke zuwa ƙasa, sai cajar ta kunna jar wuta ta ƙi aiki, mutum ya ɗauka ta lalace.

Kabiru Mai Wayarin: Tunda an taɓo at bari in shigo, domin a nan ne gobara take. Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗinmu mai baki uku an rubuta masa amfiya 13. Wannan lambar ba ta awa biyar a jere ba ce. Dutsen guga yana ja ya huta, ya ja ya huta. Mota ba ta hutawa. Shi ya sa cajar hannu da ke zuwa da mota ake saita ta a amfiya 10, kilowat 2.3. Ko a hakan, soket ɗin bango da aka sa tun ginin gida, sukurorinsa sun saki, zai fara ɗumi, robar ta yi ruwan ƙasa a gefen ramin dama, daga nan sai ƙauri.

Abin da ya dace shi ne a ja wa motar layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, kada ta haɗa da firiza ko famfon rijiya. Waya mai kaurin milimita 4, bireka mai amfiya 20, a ƙarshe a sa shuɗin soket ɗin nan na masana'anta mai amfiya 16, mai murfi. Wanda yake son cajar bango mai kilowat 7.4, ita amfiya 32 take ja: waya milimita 6, in nisan ya yi yawa a koma 10, bireka 40. Kafin a saya a duba jikin mita a ga amfiya nawa aka rubuta, a haɗa da esi biyu da hita da ke gidan a ga ko za ta ɗauka. Wayar da ta shigo daga fol ma a dube ta, sau da yawa ita ce siririya.

Wajen sayen waya a kula. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ka fere robar, ka kankare silin da reza. In ka ga fari a ciki, mayar musu. Nauyin ƙullin ma yana tona asiri, ta gaske tana da nauyi a hannu. Kada a yi caji da doguwar wayar ƙari tana naɗe a kan gangarta, naɗin yana tara zafi har robar ta manne.

Alhaji Nura Dila: Malam Kabiru, at ɗin fa? Gidaje da yawa ramin soket na sama ado ne kawai.

Kabiru Mai Wayarin: Haka ne ranka ya daɗe, kuma cajar mota tana dubawa kafin ta saki wuta. A kafa sandar at ta jan ƙarfe, tsawonta kada ya gaza mita ɗaya da rabi, a wurin da ƙasa ke da danshi, kusa da magudana ko inda ruwan alwala ke zuba. Ƙasarmu tana bushewa ƙamas daga Fabrairu zuwa Mayu, at ɗin da ya yi aiki da damina sai ya daina da bazara. In haka ta faru a ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko, a haɗa su. A auna da na'ura, ba da ƙwan fitila ba. Sai birekar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30. Ta mota daban take da ta banɗaki, dole ta iya gane zurarar wutar batir. Cajojin bango masu kyau suna zuwa da wannan a ciki, a karanta takardar kafin a biya.

Sadik Sola: Ƙari a kan na Malam Kabiru: matsalar unguwanni da yawa ba rashin wuta ba ce kawai, rashin ƙarfinta ne. Bayan magariba kowa ya kunna kayansa, tiransifoma ta yi nauyi, bolt ya sauka 170 ko ƙasa. Wasu cajojin su rage gudu, wasu su yanke gaba ɗaya. Mafita ita ce a saita motar ta fara sha bayan sha biyun dare, lokacin da layi ya huta. Kusan duk motocin suna da wannan agogon a allonsu. Kuma a sa na'urar da ke jinkirta wuta minti biyu ko uku in an dawo da ita, domin bugun farko shi ke ƙona cajar da ke cikin motar, ita kuwa ba kayan kasuwar Kofar Ruwa ba ce.

Hajiya Rabi: Mai sola a gida ai ya huta ke nan.

Sadik Sola: Ya huta in motar tana gida da rana. Fanel mai wat 550 a ranar Kano yana ba da yunit biyu da ɗan wani abu a wuni. Huɗu sun ciyar da motar kilomita 40, inbata mai kilowat 5 ta ɗauka ba gardama. Damuwar ita ce lokacin da rana take sama motar tana Kwari. In aka ce a tara a batirin gida a juye mata da dare, an yi asara sau biyu, kuma batirin litiyam na gida mai bolt 48 da amfiya 100 yunit 5 kawai yake riƙewa, motar za ta shanye shi tas ta bar gidan a duhu. Masu manyan batiran ruwa guda huɗu kuwa kada ma su fara, rabinsu kawai ake taɓawa, in ana yashe su kullum ba za su yi shekara ba. Wanda abin ya fi yi wa shi ne mai kamfani a Sharada ko Bompai ko Chalawa, ko mai ofis da rumfar ajiye mota: fanel a saman rumfar, mota a ƙasa daga tara zuwa huɗu. Da hunturu a riƙa wanke fanel ɗin duk 'yan kwanaki, ƙura tana cin rabonta.

Oga Sale Rewaya: Duk kun tsaya a caji. Ni batir ne damuwata. Alhaji Nura, motocin da za su fara cika kasuwa ba sababbi ba ne, tsofaffin Nissan Leaf ne, domin su ne masu araha a gwanjon Amurka. Batirin tsohuwar Leaf ba shi da ruwan sanyaya, iskar gari ce kawai take shafarsa. Tun 2012 masu ita a jihar Arizona suka yi ta ƙorafin batir yana raguwa da wuri saboda zafi. Mu nan a Afrilu ana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Ta farko yunit 24 ne batirinta tana sabuwa. Bayan shekara goma ka lissafa abin da ya rage.

Wanda zai duba ta ya kalli sanduna 12 da ke gefen allo, na lafiyar batir, ba na caji ba. Sanda ta farko tana ɓacewa ne bayan batir ya rasa kusan kashi 15. Amma ana iya sake saita kwamfutar sandunan su dawo cif na ɗan lokaci, don haka kada a yarda da ido. A soka na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota a ƙarƙashin sitiyari, a buɗe manhajar LeafSpy, a karanta lambar SOH mai nuna lafiyar batir, a kuma ga ko wani ɗan batir a ciki ya yi ƙasa da 'yan uwansa. Guda ɗaya mai rauni yana jan sauran duka. Sannan a tuƙa ta kilomita 20 da esi a ga kashi nawa ta ci.

Injiniya Maryam: Na yarda da Oga Sale kan Leaf. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, batirinta yunit 64 ne kuma ruwa ke sanyaya shi. Tesla da Chevrolet Bolt ma ruwa ke sanyaya nasu. Sai dai Kona da Bolt duk an yi musu kiranye a 2021 saboda haɗarin gobara a batir, don haka mai sayen ta hannu ya bi lambar shasi ya tabbatar an canja nata. Sannan batir iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai NMC, wanda ba ya son a cika shi ɗari a bar shi cikin zafi. Shi a tsayar da cajinsa a 80, kada a bari ya sauka ƙasa da 20 sai da dalili. Akwai LFP, irin wanda BYD ke sawa, ya fi jure zafi da yawan caji, kuma shi ana ma son a kai shi ɗari lokaci-lokaci don kwamfutar ta daidaita lissafinta. Ga Kano, LFP na fi ba wa ƙarfi. Kowanne ne dai a ajiye a inuwa, kuma kada a dawo daga doguwar tafiya da azahar a soka caja mai sauri nan take.

Alhaji Nura Dila: Bakin cajar fa, duk ɗaya ne?

Injiniya Maryam: Ina! Ta Turai Type 2 da CCS2. Ta Amurka Type 1 da CCS1, Tesla kuma da nata bakin. Ta Sin GB/T. Tsohuwar Leaf tana shan caji mai sauri ta CHAdeMO. A gida ba damuwa, kowace da cajarta, kuma adaftar ƙaramin caji ba ta da tsada. Adaftar caji mai sauri ce mai tsada, kuma ba kullum take yarda da kowace tasha ba. Alhaji, ka kuma kiyayi na Japan da Ingila, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Juya sitiyarin irin wannan motar ba kamar na tsohuwar Hiace ba ne.

Malam Habu Direba: To mu zo kan titi. A cunkoso na sallama, nan ne gidanta: daga Bata zuwa 'Yankura kana tsaye ba ta cin komai sai esi, yunit ɗaya zuwa biyu a awa, kuma duk ɗaga ƙafa daga totur tana mayar da wuta batir. Babban titi ne akasin haka. A gudun 110 ko 120 ci yana haura yunit 20 a kilomita 100. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230, mai yunit 64 za ta kai da saura. Abuja ta haura 400, ba za ta kai ba sai an tsaya, kuma sai ka san inda za ka tsaya tun kafin ka bar Na'ibawa. Lambar nisan da ake mannawa a motocin Sin kuwa a rage mata kashi ɗaya cikin huɗu kafin a yi shiri da ita.

Abu biyu ga sabon hannu. Ƙarfinta yana zuwa nan take, babu jiran giya. A shataletale mai cike da adaidaita sahu taɓa totur kaɗan ya isa ka hau bayan wani. A sa ta a Eco, tsarin tsimin wuta, har ƙafa ta saba. Na biyu, ba ta da ƙara. A lungun kasuwa ɗan dako da mai kura da yara duk da kunne suke kauce wa mota. Sababbi suna da lasifikar da ke ƙara a ƙaramin gudu, wasu suna kashe ta don gayu. Kada a kashe.

Hajiya Rabi: Damina fa? Ruwa da lantarki ai ba sa ga maciji.

Oga Sale Rewaya: Hajiya, ruwan sama ba ya yi mata komai, ana ma caji ana ruwa, akwatin batirin a toshe yake. Abin tsoro shi ne akwatin da ya riga ya samu rauni. Batirin a ƙasan motar yake shimfiɗe, tsayinta daga ƙasa bai wuce santimita 15 ko 16 ba a ƙananan. Tudun rage gudun da 'yan unguwa suka gina da kansu, ko bakin kwata, in ya daki ƙasan ya lotsa shi, robar toshiyar ta buɗe, to ranar da aka shiga ruwan Agusta a gadar ƙasa zai samu hanya. In ruwa ya kai ƙasan ƙofa a juya. Wadda ta riga ta nutse kada a shigar da ita gareji cikin gida, a bar ta a fili nesa da gini har a auna ta. Motocin gwanjon da ambaliyar teku ta ci a Amurka su ne mafi haɗari: ɗaga kafet, duba tsatsa a sukurorin kujera da laka a ramin safaya.

Kuma ina kira ga 'yan uwana masu gyara. Duk wayar da ka gani ruwan lemo, bolt 350 zuwa 400 ne a ciki a yawancinsu, wasu ma har 800, ba ta gargaɗi. Kafin a taɓa: kashe mota, nisanta makulli, cire kan ƙaramin batir, zare filogin tsaro na babban batir da safar roba mai jure bolt 1,000, jira minti goma, auna, sannan a sa hannu. Mai esi kada ya zuba man kwamfireson mota mai inji. Na lantarki mai ne na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, in aka gauraya motar za ta nuna zurarar wuta ta ƙi tashi. Mai faci ya nemi inda aka yi alamar jak, kada ya tokare batir. Mai walda kada ya kusanci ƙasanta. In ta mutu a hanya a ɗora ta a kan motar ɗauka, ba a jan ta da igiya tayoyin da ke tura ta suna ƙasa, domin injin zai riƙa haifar da wuta.

Alhaji Nura Dila: Ashe gyaran ma akwai aiki. An ce ba ta zuwa gareji.

Oga Sale Rewaya: Ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa, ba kuloci, wannan gaskiya ne. Amma taya tana cinyewa da wuri saboda nauyi, shokazoba da bushin suna shan wuya a titunanmu, man birki duk shekara biyu, matatar iskar esi da hunturu sai an duba ta a kai a kai. Ƙaramin batir mai bolt 12 yana nan, zafi yana kashe shi kamar na kowace mota, kuma in ya mutu motar ba za ta ko kyafta ba ko da babban yana cike. Yawancin "ta ƙi tashi" shi ne. Ni a ganina mai mota ɗaya tak, wanda zai je Katsina biki ya je Zariya gaisuwa, ya ɗauki mai haɗin inji da batir irin su Prius ko Corolla ɗinta. Ba caji, mai kaɗan, masu gyara sun fara saninta. Ya dai riƙa share ragar fankar batir da ke wajen kujerar baya.

Injiniya Maryam: A mai mota ɗaya ban musa ba. A gidan da ke da biyu, ta zirga-zirgar gari ta zama lantarki. Kuma akwai abin da mai haɗin ba ta yi kamar ta: irin su Hyundai Ioniq 5 da BYD Atto 3 suna fitar da wutar gida daga batirinsu, Ioniq har kilowat 3.6. Firij da fanka da fitilu ba za su ci yunit 5 a dare ba.

Bashir Adaidaita: Yayyena, batun adaidaita mai batir fa? Mu shi ya fi damun mu.

Alhaji Nura Dila: Ƙanina, a buɗe masa nasa zaren, lissafinsa daban ne. Malam Kabiru, wannan ba wa gida wuta daga mota, yaya ake haɗa shi?

Kabiru Mai Wayarin: Kamar janareto ake ɗaukarta, Alhaji: sai ta bi ta canjoba, yadda layin kamfanin wuta na KEDCO zai yanke gaba ɗaya kafin nata ya shiga. Wayar nan mai filogi kai biyu da wasu ke sokawa a soket ɗin bango haramun ce a aikinmu. In an dawo da wuta za ta ƙona na'urar motar, kafin nan kuma tana tura wuta kan fol, mai gyara yana sama yana zaton layi a mace yake. A ware fitilu da fanka da firij a kan nasu ƙaramin allon, esi da hita da famfo a bar su waje. A allon motar kuma a saita inda za ta daina bayarwa, a ce kashi 30, don kada gari ya waye babu na kai yara makaranta. Ɗan haya da ke raba mita da maƙwabta kuwa, kafin ya sayi motar ya fara sa ƙaramar mita a kan layin cajar, a yi yarjejeniya da mai gida a rubuce kan ramin sandar at da hudar bango.